Kujerar Dala a Majalisar Dokokin Kano: Wa zai biya wa matashi kuɗin hanya?

Duk wanda ya ratsa Gwammaja ko Ƙofar Mazugal ko Gobirawa a lokacin da kakar siyasa ta kama, zai tarar da bangaye da turakun lantarki da bayan adaidaita-sahu sun cika da hotunan masu neman kujera. A 'yan shekarun nan fuskokin da ke jikin hotunan sun ƙara ƙuruciya. Akwai waɗanda ba su jima da kammala yi wa ƙasa hidima ba, akwai 'yan kasuwar da suka gaji rumfa daga iyayensu, akwai kuma waɗanda suka yi suna a Facebook da TikTok wajen kare jagora ko sukar gwamnati. Kujerar da da yawansu ke hange ita ce ta ɗan Majalisar Dokokin Jihar Kano mai wakiltar Dala.

Sai dai idan ranar zaɓe ta zo, takardar da ake miƙa wa mai jefa ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton kowa, ba ta kuma ɗauke da sunan kowa. Tambarin jam'iyyu ne kawai a jere. Kafin a kai wannan rana, an riga an tace masu hotunan nan a wasu ɗakuna da mafi yawan jama'ar Dala ba su taɓa shiga ba, kuma kaɗan ne daga cikin matasan ke tsallake wannan tankaɗe. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, ya dace a duba abin da ke tsakanin matashin Dala da wannan kujera. Idan aka bi sawun lamarin, za a ga cewa shekaru sun daina zama shamaki tun 2018. Abin da ya rage shi ne tikitin jam'iyya da kuɗin da ake kashewa kafin a same shi, kuma wanda ya biya wannan kuɗi shi ne yakan mallaki kujerar bayan an rantsar da wanda ya ci.

Ƙofar da doka ta buɗe

A ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan gyaran kundin tsarin mulki da ya rage shekarun tsayawa takara. Mai neman shugabancin ƙasa ya sauko daga shekara 40 zuwa 35, mai neman Majalisar Wakilai da mai neman majalisar dokokin jiha suka sauko daga 30 zuwa 25. Kujerar gwamna da ta sanata suka tsaya a 35. Tony Nwulu ne ya gabatar da ƙudirin a Majalisar Wakilai, Sanata Abdul'aziz Nyako na Adamawa ya ɗauke shi a Majalisar Dattawa, yayin da ƙungiyoyin matasa, musamman Yiaga Africa, suka yi ta zarya tsakanin Abuja da majalisun jihohi har aka samu amincewar da ake bukata.

A yau sashe na 106 na kundin tsarin mulki abu huɗu yake nema daga mai son zama ɗan majalisar jiha: ya zama ɗan Najeriya, ya cika shekara 25, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, sannan ya zama ɗan wata jam'iyya kuma jam'iyyar ta tsayar da shi. Sharuɗɗa ukun farko akwai dubban matasan Dala da suka cika su. Na huɗun ne ke raba mai hoto a bango da mai takara, domin tsarin Najeriya bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba.

Ba za a ce gyaran bai yi tasiri ba. A 2019 majalisun jihohi huɗu sun zaɓi shugabannin da ba su kai shekara 35 ba, wato Zamfara da Filato da Kwara da Oyo. A 2023 Rukayat Shittu ta shiga Majalisar Dokokin Kwara tana da shekara 26, Ibrahim Bello Mohammed kuma ya lashe kujerar Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza a Majalisar Wakilai yana da shekara 27. Amma waɗannan 'yan tsiraru ne idan aka auna su da yawan matasan da ke cikin rajistar masu zaɓe. Alƙaluman hukumar INEC na 2023 sun nuna cewa daga cikin mutum miliyan 93.4 da suka yi rajista, kusan kashi 40 cikin 100 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Jihar Kano kaɗai tana da masu rajista sama da miliyan 5.9. Matasa ne ke cika layin zaɓe, su ne ke gadin akwati, su ne kuma ke kwana a wurin tattara sakamako, amma rabonsu a zauren majalisa bai taka kara ya karya ba.

Nauyin kujerar da ake raina wa

Mutane da dama na kallon ɗan majalisar jiha a matsayin mai raba tallafi da halartar ɗaurin aure. Tarihin Dala na baya-bayan nan ya isa ya gyara wannan fahimta. A watan Mayun 2019 Majalisar Dokokin Kano ta yi dokar da ta raba masarautar Kano, aka ƙirƙiro Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Bayan shekara biyar, a ranar 23 ga Mayun 2024, majalisar ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a ranar, aka kuma sanar da mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga. Wanda ya gabatar da ƙudirin sokewar shi ne shugaban masu rinjaye, Lawan Hussaini Ceɗiyar 'Yan Gurasa, ɗan majalisa mai wakiltar Dala. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko yana adawa da shi, ba zai musa cewa daga kujerar Dala aka ɗauko takardar da ta girgiza birnin Kano ba.

Wannan majalisa ce ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wadda aka sanya wa hannu a 2024. Ita ce ta amince da kasafin kuɗin 2025 da ya haura naira biliyan 700. Babu harajin jiha da zai halatta a karɓa a kasuwa sai da dokarta, babu kwamishinan da zai kama aiki sai ta tantance shi, kuma sashe na 128 na kundin tsarin mulki ya ba ta ikon binciken yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin da ta ware musu. Dokokin fansho da na aikin gwamnati, waɗanda makomar ma'aikaci ta rataya a kansu, ta hannunta suke bi. Har gwamna tana iya tsigewa, kamar yadda majalisar tsohuwar Jihar Kaduna ta yi wa Balarabe Musa a watan Yunin 1981.

Saboda haka mai sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa da malamin firamare a Yalwa suna da ruwa da tsaki a kan wanda zai zauna a wannan kujera. Idan rasit ɗin haraji ya ninku, ko kuɗin sallama ya maƙale, ko magudanar ruwa ta toshe damina ta shiga gidaje, akwai mutum ɗaya daga Dala da doka ta ba shi damar kiran kwamishina ya zo ya yi bayani a bainar jama'a. Ko zai yi hakan ko ba zai yi ba, ya danganta ne da wanda yake jin tsoron ɓata wa rai.

Mazaɓa ɗaya, jama'ar gari guda

Matsala ta farko da matashin Dala zai ci karo da ita tana cikin lissafin kujeru. Sashe na 91 na kundin tsarin mulki ya ce majalisar jiha ba za ta gaza kujera 24 ba, ba za ta kuma wuce 40 ba. Kano, mai ƙananan hukumomi 44 da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, ta tsaya a 40 ɗin. Sakamakon haka, Ƙaramar Hukumar Dala baki ɗayanta kujera ɗaya take da ita a majalisar jiha, kuma iyakar mazaɓar ita ce dai iyakar mazaɓar ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Dala a Abuja. Mai neman ƙaramar kujerar sai ya taka duk ƙasar da mai neman babbar zai taka.

Ƙidayar 2006 ta nuna Dala na da mutum 418,777. A wannan ƙidaya Jihar Bayelsa tana da kimanin mutum miliyan 1.7 da kujeru 24, wato kowane ɗan majalisa yana wakiltar kusan mutum dubu 71. Ɗan majalisar Dala yana ɗauke da jama'ar da ta kusa ninka wannan sau shida, kuma shekaru kusan ashirin ke nan ana haihuwa ana ƙaura zuwa unguwannin tun bayan ƙidayar.

Dala na da mazaɓu 12: Adakawa, Bakin Ruwa, Dala, Dogon Nama, Gobirawa, Gwammaja, Kabuwaya, Kantudu, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Madigawa da Yalwa. Ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin unguwannin da ke gindin Dutsen Dala suna da gidajen malamai da na fatake da suka san juna kaka da kakanni, inda ake fara tambayar ɗan gidan wane ne kafin a tambayi me ya karanta. Unguwannin da suka bunƙasa a bayan ganuwa kuwa cike suke da mutanen da suka zo daga wurare daban-daban, kuma damuwarsu ruwan sha ce da cunkoson aji da fashin waya. Matashin da ya yi suna a lungunsu zai iya zama baƙo a mazaɓu goma daga cikin sha biyun. Kafin a san shi sai ya sayi lokaci a gidajen rediyo, ya ɗauki nauyin sojojin baka, ya ziyarci majalisun unguwa da masu unguwanni da limamai, ranar zaɓe kuma ya ajiye wakili a kowace rumfa, ya ciyar da shi, ya sallame shi. A mazaɓa mai ɗaruruwan akwatuna, wannan kaɗai ya fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin shago.

Farashin tikiti

Kafin a je ga wannan ma, akwai kuɗin fom. A zaɓen fitar da gwani na 2022 jam'iyyar APC ta sa naira miliyan biyu a kan fom ɗin majalisar jiha, tare da rangwamen rabin kuɗi ga waɗanda ba su kai shekara 40 ba. PDP ta sa naira dubu 600. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira dubu 30 ne, wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na shekara biyar da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan biyu. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta halatta wa ɗan takarar majalisar jiha ya kashe har naira miliyan 30, kwatankwacin albashin wata dubu na wannan ma'aikaci. Shi ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin kasada, domin sashe na 107 ya wajabta masa ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Idan ya faɗi, ba kujera ba albashi.

Sayen fom kuma bai ba mutum tikiti ba. Dokar 2022 ta tanadi hanyoyi uku na fitar da ɗan takara: zaɓen daliget, 'yar tinƙe, da masalaha. Kowace tana da inda take kama matashi. A zaɓen daliget na wancan lokaci, 'yan mutane ƙalilan ne ke yanke hukunci, kuma wanda ya rubuta sunayensu tun a matakin mazaɓa ya riga ya san sakamako. A 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya ke da ƙuri'a, rigimar takan koma kan rajistar jam'iyya da wanda ke riƙe da ita, da kuma wanda ke sanar da sakamako. Masalaha kuwa, a rubuce, tana bukatar amincewar duk masu neman kujerar. A aikace, sau da yawa kira ne zuwa gidan jagora da daddare, a ba mutum haƙuri, a yi masa alƙawarin muƙamin mai ba da shawara, ya fito ya sanar da janyewa don biyayya. Matashin da bai taɓa riƙe komai ba shi ne mafi sauƙin ba wa haƙuri, domin kullum ana iya ce masa lokacinsa na zuwa.

A da ana cewa matashi ya fara daga kansila ya koyi aiki. Wannan tsani ma ya yi tsada. Gabanin zaɓen ƙananan hukumomin Kano na ranar 26 ga Oktoban 2024, hukumar zaɓe ta jiha ta fara sanar da naira miliyan 10 a matsayin kuɗin fom ɗin shugaban ƙaramar hukuma da miliyan 5 na kansila, lamarin da ya jawo ƙorafi har aka je kotu. A ƙarshe jam'iyya mai mulki a lokacin, NNPP, ta lashe shugabancin ƙananan hukumomi 44 da kujerun kansila 484 baki ɗaya, kamar yadda jam'iyyun da ke mulki suka saba yi a kusan kowace jiha. Inda sakamako ya zama sananne tun kafin a kaɗa ƙuri'a, abin da matashi zai koya shi ne neman yardar mai rubuta suna.

Guguwa da gado

Ko da matashi ya yanke shawarar kauce wa manyan jam'iyyu ya nemi tikitin wata ƙarama, yanayin zaɓen Dala ba ya taimaka masa. Zaɓen majalisar jiha rana ɗaya ake yin sa da na gwamna, kuma a cikin birnin Kano guguwar gwamna ce ke kwasar ƙuri'a. A ranar 23 ga Fabrairun 2019, lokacin da sunan Buhari ke jan akwati, Dala ta ba APC kujerar Majalisar Wakilai. Mako biyu bayan haka, a ranar 9 ga Maris, mutanen nan dai suka ba PDP kujerar majalisar jiha, lokacin da Kwankwasiyya ke neman gwamna a wannan jam'iyya. A watan Mayun 2022 ɗan majalisar Dala na cikin 'yan PDP tara da suka koma NNPP, ya kuma sake cin zaɓe a ranar 18 ga Maris ɗin 2023, ranar da Abba Kabir Yusuf ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna ya samu 890,705. Masu kiran a yi wake da shinkafa, wato a zaɓi mutum don cancantarsa ko daga wace jam'iyya yake, suna da yawa a rediyo. A rumfar zaɓe masu yin sak sun fi su.

Abin da ya faru a maƙwabciyar Dala ya ƙara fito da hoton. A ranar 24 ga Disamban 2025 Allah Ya yi wa 'yan majalisa biyu rasuwa a rana ɗaya, Aminu Sa'adu mai wakiltar Ungogo da Sarki Aliyu Daneji mai wakiltar Birni da Kewaye. A zaɓen cike gurbi da aka yi a watan Fabrairun 2026, 'ya'yansu ne aka tsayar, su ne kuma suka lashe kujerun. Masu goyon bayan matakin sun kafa hujja da tausayin iyalan da aka bari da kuma ƙarasa wa'adin da jama'a suka ba iyayen, kuma wannan hujja tana da gurbi a al'adar Kano. Babu kuma wanda zai yanke wa sababbin 'yan majalisar hukunci kafin a ga aikinsu. Amma matashin da ke kallo daga Dogon Nama ko Madigawa ya karanta darasin a fili: sabon jini ya shiga majalisa cikin sauƙi a lokacin da shugabanni suka ga dama, ta ƙofar da shi ba shi da mabuɗinta.

Tsakanin rasuwar da zaɓen, a watan Janairun 2026, gwamnan ya fice daga NNPP ya koma APC, kuma 'yan majalisar dokoki da dama suka bi shi. Sashe na 109 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi zai rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta rabu gida biyu. Wannan togaciya ce kowane mai sauya sheƙa ke fakewa da ita, daga kowace jam'iyya. Abin lura a nan shi ne yadda 'yan majalisa ke tafiya ayari guda, a 2022 da kuma a 2026, duk inda mai ba da tikiti ya nufa.

Adalci ne a faɗi cewa tsarin jagora ba sharri ne zalla ba. Ta hanyarsa 'ya'yan talakawa da dama a Kano suka samu karatu da muƙamin da ba za su taɓa saya da kuɗinsu ba, kuma babu siyasar da ake yi a duniya ba tare da manya sun riƙe hannun na baya ba. Matsalar tana tasowa ne idan aikin kujerar ya ci karo da bukatar wanda ya bayar da ita. Ɗan majalisar da gwamna ko jagora ya biya masa fom, ya saya masa motar kamfe, ya sallami wakilan akwatinsa, da wane baki zai tambayi kwamishina inda kuɗin rijiyoyin burtsatse suka shiga? Ƙuruciyarsa ba za ta amsa wannan tambaya ba. Sau da yawa ma, wanda bai da sana'ar komawa ya fi dattijo mai abin hannu tsoron rasa kujera.

Darasin Nguru

Akwai misali daga Jihar Yobe da ke nuna cewa ana iya ratsa wannan katanga. A zaɓen Maris ɗin 2023, Lawan Musa Majakura, matashi ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya tsaya a PDP a mazaɓar Nguru ta Biyu ya kayar da Shugaban Majalisar Dokokin Yobe, Ahmed Lawan Mirwa na APC, wanda ke kan kujerar tun 2003. Tazarar ba ta kai ƙuri'a 200 ba, kuma hakan ya faru ne a jihar da APC ta lashe kujerar gwamna ba tare da wahala ba. Jama'ar mazaɓar sun raba ƙuri'arsu da gangan.

Sai dai ƙuri'un da 'yan takarar biyu suka samu, idan aka haɗa, ba su wuce dubu 13 da 'yan kai ba. A mazaɓa irin wannan, mutum zai iya shiga kowane ƙauye, ya zauna a kowace majalisa, a san shi ido da ido. A Dala, inda masu rajista suka kai dubu ɗaruruwa, ƙafar mutum ɗaya ba za ta iya wannan aiki ba. Abin da Majakura ya yi da sanayya, matashin Dala sai ya yi shi da ƙungiya, ƙungiyar da ke da mutum a kowace mazaɓa kuma take da asusun da ba na mutum ɗaya ba.

Abin da Gwammaja ta taɓa gani

Wannan ba baƙon abu ba ne a Dala. A Gwammaja gidan Malam Aminu Kano yake, Gidan Mambayya, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a ranar 8 ga Agustan 1950, Malam Aminu yana dab da cika shekara 30, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki tafiyar samari ne. Ƙarfinta ya fito ne daga teloli da mahauta da masu ƙananan rumfuna da 'yan koli da malaman zaure, mutanen da ke yankar katin jam'iyya da kuɗinsu, su kuma tara taro da sisi don biyan tara ko belin wanda aka kama.

Su ma sun gamu da nasu tankaɗen. A zaɓen 1951 NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a cikin birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba Hukumar Gargajiya damar cusa nata mutanen a tsakiya, ya tace 'yan takararta kafin a kai matakin ƙarshe. A 1954 Malam Aminu ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ya sha kaye a hannun Maitama Sule na NPC, wanda a lokacin shekararsa 25 kacal. Ke nan tun a wancan zamani tsarin da ke mulki ya san yadda zai tsayar da nasa matashin. Sai a 1959 Malam Aminu ya shiga majalisar, sai kuma a 1979 tafiyar, a ƙarƙashin PRP, ta kai Abubakar Rimi gidan gwamnatin Kano yana da shekara 39. Kusan shekara talatin aka yi ana gini kafin a kai nan. Abin da ya bambanta samarin NEPU da sauran samarin zamaninsu shi ne inda kuɗin tafiyarsu ya fito, da kuma waɗanda suke jin nauyin komawa su yi wa bayani.

Abin da ya rage ga masu zaɓe

Fushin matasan Kano ba ɓoyayye ba ne. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta ranar 1 ga Agustan 2024 ta rikiɗe ta zama fashe-fashe da wawaso har sai da aka sa dokar hana fita, kuma 'yan kasuwa na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarta. Matashin da ya ga cewa akwati ba ya canza komai, kuma tikiti ba ya samuwa sai ta gado ko ta fadanci, shi ne wanda ɗan siyasa ke samu da araha ranar da yake neman 'yan jagaliya. Buɗe hanyar takara ta gaskiya kariya ce ga mai shago kafin ta zama alfarma ga mai neman kujera.

'Yan kasuwar Kano sun san adashi, sun san ƙungiyar layi da ta kasuwa, sun san yadda ake haɗa kuɗi a yi wa ɗan'uwa jari idan gobara ta cinye rumfarsa. Ma'aikata na da ƙungiyoyin ƙwadago da na taimakon kai da kai, ko da yake ƙa'idar aiki ta taƙaita musu shiga harkar jam'iyya kai-tsaye. Abin da ba a cika gani ba shi ne a juya wannan ƙwarewa zuwa ga kujerar majalisa. Mutum dubu biyu da kowannensu zai ba da naira dubu ɗaya sun haɗa kuɗin fom irin na 2022, kuma ɗan takarar da ya fito ta wannan hanya yana da iyayen gida dubu biyu da zai haɗu da su kullum a masallaci da kasuwa. Haka kuma shugabancin jam'iyya a matakin mazaɓa, wanda masu ilimi da masu sana'a ke ƙyamar nema, shi ne wurin da ake riƙe rajista ake kuma rubuta sunayen da ke zama tikiti daga baya. Wannan aiki ya fi ƙarfin kakar zaɓe ɗaya. Ya kuma shafi mata, domin a zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya da ta samu kujera a cikin 40 ɗin majalisar Kano, alhali layinsu a rumfunan zaɓen cikin birni ba ya gaza na maza.

Shi kuma matashin da ya fito nema, akwai tambayoyin da suka fi shekarunsa muhimmanci, kuma ya kamata a yi masa su a kowace majalisar unguwa da ya je gaisuwa. Wace sana'a yake yi, kuma zai iya komawa gare ta idan ya rasa kujera? Ya taɓa buɗe kundin kasafin kuɗin jiha ya ga abin da aka ware wa makarantu da asibitocin Dala? Wace doka yake son a gyara? Sannan, wa ya biya masa kuɗin fom? Wanda ya amsa ta ƙarshen ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya cancanci a saurari sauran bayaninsa.